Rasuwar Faifan Noelene Mai Huda Ɗaya

Da zuciya mai nauyi, da haushin da ba zan ɓoye ba, ni Clarrie Trewin na garin Wallaroo nake sanar da rasuwar shuɗin faifan fiyanon nan mai huda ɗaya a kusurwa, mai kama da ƙaramin faifan kwamfuta na da, wanda ya cika ranar Lahadi bayan abincin rana, a hannun surukina Fergus.

Marigayin bai fi tafin hannu ba, kuma bai taɓa neman kowa da fitina ba. Matata Noelene ce ta naɗi kiɗanta a cikinsa kafin ciwo ya riƙe mata yatsu. In na zura shi a fiyanon falo, irin mai kaɗa kansa, sai ya yi ƙirr, ƙat-ƙat, maɓallan su shiga sauka da kansu yadda ta danna su, har da inda kullum take tuntuɓe a baiti na biyu. Tun da ta rasu, shi ke dawo mini da ita falo.

Lafiyarsa ƙalau. Fergus ne ya ce, "Baba, kawo in kwafe maka, tsofaffin nan ba su da tabbas." Na faɗa har bakina ya gaji: faifan fiyano da na kwamfuta a fuska kawai suka yi kama, tsarin cikinsu daban. Na nuna masa nasa huda biyu, nawa ɗaya. Ya ce, "Haba Baba, faifai ai faifai ne." Kwamfutarsa ta kasa gane baƙon, ta tambaya ko ta goge shi ta shirya shi sabo. Mutumin da ko butar shayi ba ya kunnawa sai ya karance takardarta, ya danna e bai duba ba. Abin da aka ji daga marigayin na ƙarshe shi ne tik, tik, tik, a natse.

Ya bar ni, da fiyano, da kwali guda na masu huda biyu da Fergus ya kawo na ban haƙuri. Mun toshe musu huda ta biyun da salatif, fiyanon ya ƙi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma bar jikata Merrin, wadda ta so kiɗan kakarta ya raka ta cikin coci ranar aurenta watan gobe.

Za a yi jana'iza Asabar da hantsi a bayan gida, gindin lemun tsami, cikin gwangwanin biskit. Kowa ya zo da farantin abinci. Fergus ne zai haƙa, kuma wurin duk dutse ne. Ba za a yi kiɗa ba. Mai kiɗan nake binnewa karo na biyu.