Rasuwar Igiyar Ajin 'Yan Shekara Huɗu

"Mama, igiya ce ta manta da ni, ko Anti ce?"

Tambayar da 'yata Ɗigo ta yi mini ke nan ranar Talata, ina cire mata takalmi. Na ce ta je ta wanke hannu.

Da zuciyar da baƙin ciki ya danne, ni mahaifiyar Ɗigo, a madadin kaina ni kaɗai don ban nemi izinin kowa ba, nake sanar da iyayen yaran ajin 'yan shekara huɗu rasuwar igiyar layi, wadda yara ke kira Jela. Ta rasu ranar Talata da hantsi a filin wasa, bayan jinyar da duk muka gani muka kau da kai. Mako biyar kacal ta yi a bakin aiki.

Ga iyayen da iyakarsu bakin ƙofa, marigayiyar doguwa ce fara, mai ƙulli ashirin da huɗu, daidai da yawan yaran ajin. Kowane ƙulli da ƙyallensa: ja, shuɗi, kore, rawaya. Tun ranar da aka buɗe makaranta, ana kuka ana jan majina, ita ta fara koya musu abu. A jikinta suka san launi. A jikinta suka iya ƙirge, Anti mai ajin tana taɓa ƙulli suna rerawa. Ita ta koya wa masu duka tsayawa a bayan wani ba tare da sun ture shi ba. An tauna ta, an goge hanci da ita, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta ɗaya ce, 'yar ƙararrawar da ke ɗaure a kanta: ƙililin, ƙililin, a kama layi.

Babban aikinta shi ne tsallakar da su titi. Kun san filin wasa yana ɗaya gefen layin da motoci ke juyawa. Sau biyu a rana Baba maigadi yakan tare hanya, Anti ta riƙe kan igiya, su wuce kamar 'yan agwagi. Doka guda aka dasa musu har ta zauna: ba a taka titi sai hannu na kan Jela. Ɗigo ta taɓa ƙin sauka daga bakin hanya a gaban gidanmu, sai da babanta ya ciro bel ɗinsa ta riƙe. Mun yi dariya a lokacin.

Ciwon ya fara ne daga tsakiya, inda take gogar ƙarfen lilo idan an rataye ta. Na ga zare yana sakewa tun mako na uku. Na ce zan yi magana, ban yi ba. Na rubuta wannan don kada a ce na wanke kaina.

Ranar Talata a filin wasa Anti ta sa kowane yaro ya tsinto duwatsu biyar na darasin lissafi. Tana can tana rarrashin wani da ya faɗi, igiya ta tsinke a wurin ratayarta. Baba maigadi, mutumin kirki mai son gyara, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya haɗa bakin biyu ya ɗaure tamau. Ƙulli biyu suka tafi da yankan, ɗaurinsa ya mayar da ɗaya. Bai ga abin faɗa ba, don a ganinsa ta ma fi da ƙarfi.

Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, ba kawunan yara ake ƙirgawa a ajin nan ba. Igiya ake dubawa. In babu ƙullin da ba hannu a kai, yara sun cika. Ran nan kuwa kowane ƙulli da hannunsa, ashirin da uku cif. Ƙararrawa ta kaɗa, suka tsallaka, aka rufe ƙofa.

Ɗigo tana bayan lilo a durƙushe. In ta kai huɗu sai ta rikice ta koma farko, haka take. Ta ji ƙililin yana yin nisa. Ba a farga ba sai da aka raba kofunan ruwa, ɗaya ya yi saura. Minti goma sha shida. Da Anti ta fito a guje ba takalmi, ta same ta a tsaye a bakin titi, yatsun ƙafarta daidai kan gefen kwalta, duwatsu a aljihu, hannu ɗaya a miƙe a dunƙule. Tankar ruwa ta juya a gabanta sau biyu. Ba ta taka ba, don babu Jela.

Marigayiyar ta rasu ta bar yara ashirin da huɗu, da Anti da har yanzu ba ta iya haɗa ido da ni, da Baba maigadi wanda ya zo har gida ya tsuguna a ƙofa, na rasa inda zan sa kaina don kunya, sa'an mahaifina ne. Ta bar ƙusar da ake rataye ta a bangon aji, da akwatin murafun kwalba na ƙirge, da ƙararrawa a aljihun tebur. Ba na neman a kori kowa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a bayan aji. Zan zo da almakashi. Za a yanka ta gunduwa-gunduwa kafin a binne, don kada wani mai tausayi ya sake ɗaura ta. Ba a buƙatar kuka ko jawabi. Mai zuwa ya zo da kujerarsa, akwai zama da shugabar makaranta bayan an gama.

Dalilin zaman kuwa, shugabar ta shaida mini cewa kafin a samo wata igiyar, daga Litinin yara za su riƙa tsallakawa kowa riƙe da rigar na gabansa, wai wasan jirgin ƙasa. Ta ce abin sha'awa ne, yara za su so shi. Na san za su so shi. Kwana uku ya ishe su gane cewa ashe ana taka titi ba igiya, kuma ba abin da ke faruwa. Daga nan abin da ya tsayar da 'yata a bakin kwalta ya tafi, riga kuwa ba ta da ƙullin da za a duba.

Ranar Juma'a za a sako takardar amincewa a jakar kowane yaro, tsakanin littafin zane da kwanon abinci. Uwa, ki zazzage jakar da kanki. Kada ki sa hannu, kada ki bari babansu ya sa yana tsaye yana neman makullin mota, sai an rubuta a jikinta cewa manya biyu za su kira sunan ɗanki ya amsa, a wannan gefen titi da wancan.