Ranar da Na Ƙara wa Ordinatar Rami

Sabuwar ordinatar bironmu a Madarumfa, wato kwamfutar ofis, ramukan USB biyu gare ta, na'urorin da za a soka mata kuwa uku. Darakta ya ce a jira gwani daga Maraɗi. Ni da na taɓa gyara rediyon surukina, na ce, "Ranka ya daɗe, bar mini."

Na fere wayoyi biyu da reza, na murɗe su tare, yadda muke jona wa maƙwabci kuran, wato wutar lantarki, na soka a rami ɗaya.

Ƙauri ya tashi, allon ya mutu. Sunayen manoman da za a raba wa irin gyaɗa suna ciki, su kuma suna waje suna jira.

Darakta ya tambaya a hankali, "Malam, yanzu rami nawa?"

"Babu ko ɗaya."

Har yau in aka ƙona shara, sai a ce, "Injiniya ya kama aiki."