Cinikin Gidan Ƙarshen Layi

"Lahiya lau, sai gajiyar hanya. Ina iyali? Ina awaki?"

"Waɗanne awaki kuma?"

"'Yan hayarka mana. An ce shekara uku suna zamne cikin gidajenka, ko sau ɗaya ba ku yi faɗa ba."

Sakinatu ke nan, ko gama saukowa daga keke ba ta yi ba ta soma. Riskuwa taubashinta ne, mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito a Argungu. Shi magini ne. Shekara uku da suka wuce ya sayar da rabin fadamarsa ta Zauro ya gina ƙananan gidaje huɗu a bayan Gwadangaji don sayarwa, sai kasuwar gidaje ta mutu, ko mai tayawa bai samu ba. Ita kuwa ungozoma ce a wani asibiti a Birnin Kebbi. Tun rasuwar mijinta take haya da 'ya'yanta huɗu, yanzu kuma mai gidan ya ba ta wata biyu ta tashi, ɗansa zai yi aure. Da ta ji gwamnati ta yi rangwamen haraji ga masu sayen gidan zama na farko, sai ta ce wa Riskuwa ya jira ta ranar Asabar da hantsi.

Riskuwa ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Ki iya bakinki, baiwata. Gaban ubangidanki kike."

"Ubangidan da ya zo bisa babur ba madubi? Allah shi kyauta."

"Madubin mi? Ni ba na duban baya. Ke ce kullum kina waige kar mai gida shi biyo ki da takardar tashi."

"Buɗe mu gani, surutu ba ya cikin abin da na zo saye."

Ya tura ƙofar gida na farko, suka shiga. Sakinatu ta tsaya tsakiyar falo ta ware hannuwa.

"Wanga ne falon? Riskuwa, in na yi atishawa nan sai goshina ya bugi bango."

"Falon masu tsari ne. Ke da kinka saba tara kwanonin da ba a dafa komi ciki, ko filin idi anka ba ki sai kin ce ya matse."

"Ni ce ba na dahuwa? Wa ya cinye malmala bakwai ta tuwon shinkafa ranar sunan ɗiyata Humaira, har anka riƙa yi mishi fifita?"

"Rufa miki asiri na yi, kar a ce baƙi sun bar abinci. Kwana biyu ina shan jiƙo bayan nan."

Ta matsa kusa da bango ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Siminti ka sa ko kunun tsamiya?"

"Buga da ƙarfi. In ya zube na ba ki gidan kyauta."

"In ya zube mi za ka ba ni? Tulin ƙasa?"

Ta dunƙule hannu ta kai wa bangon naushi. Bango bai ce komai ba. Ta yi sauri ta tura hannun cikin mayafi tana murzawa.

Riskuwa ya ce, "Na gani."

"Sauro ne ya cije ni. Har sauro ka gina a ciki."

"Ki dai yi sauri ki yanke shawara. Jiya-jiya wani alhaji ya taso takanas daga Abuja a jirgi don gidajen ga."

"Jirgin ruwa ko kwale-kwale?"

"Har kuka ya yi da na ce sai na yi tunani."

"Ai dole shi yi kuka, ya ga inda kuɗɗin motarshi sunka kai shi."

Suka fito tsakar gida. Sakinatu ta leƙa ta kan gajeren bangon da ya raba gidajen, idonta ya tsaya a kan na ƙarshen layi. Shi kaɗai ke da ɗan fili a gefe, da dalbejiya da ta yi inuwa. Ta daɗe tana kallo.

Riskuwa ya rage murya. "Sakinatu, bar wasa tukuna. Maganar rangwamen ga da gaske ne? Ni tun ina goye nake jin gwamnati za ta yi, za ta yi."

"Da gaske ne. Ummu Hani da muke aiki tare ta sayi nata watan jiya. Da idona na ga takardar albashinta, harajin da ake yanka ya ragu, na takardun gida kuma ba ta biya ba. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ke sallamar mai gida, mu kuma a riƙa cire muna kaɗan-kaɗan. Da ban gani ba, ka san ba zan kawo ƙafata wurin magini irinka ba."

"Wallahi in damina ta faɗi ban sai da ko ɗaya ba, ajiye cokalin gini zan yi in koma noma. Leburorina duk sun watse, wasu na acaba."

"Shinkafa ta huta da ba ka koma ba."

Kafin ya rama sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, baƙuwar lamba ce. Ya ɗauka yana hura hanci.

"Wa alaikumus salam. E, ni ne Riskuwa. Gida? Wane gida? A'a, ina nufin... saye za ka yi? Saye na biya?"

Sakinatu ta toshe baki da mayafi tana dariya. Amma da ta ji ya ce, "Na ƙarshen layi, mai dalbejiya?" sai dariyar ta ɗauke. Ta sunkuyar da kai tana jujjuya igiyar jakarta. Ta riga ta gaya wa Kausar, autarta, cewa za su samu inuwar da za su riƙa shimfiɗa tabarma, ba wanda zai ce su naɗe.

Riskuwa ya dube ta, ya dubi gidan, sannan ya ce cikin wayar, "Malam, wancan an saye. E, yau da hantsi. Wata tsohuwa ce mai yawan faɗa, ba na so ka yi maƙwabtaka da ita kai tsaye. Ka zo da la'asar ka ga na farko, shi ne mafi nisa da ita."

Ya kashe wayar ya tsaya yana kallon ta kamar yau ya fara riƙe waya.

"Malamin makaranta ne daga Ambursa. Ya ce shi da abokinshi, biyu suke nema. Sakinatu, shekara uku wayar ga ba ta kira ni kan gida ba sai in mai awaki na neman akuyarshi."

Sakinatu ta share ido da gefen mayafi da sauri ta ce, "To ina alhajinka na Abuja? Mutum ya ce zai saya, kai kana tambayar 'saye na biya?' Saura kaɗan ka suma."

"Dabara ce ta ciniki, ke ba ki sani ba."

"Kuma wa kake kira tsohuwa? Kai da anka yaye ka kafin a yi gadar Argungu?"

"Ni na goya ki ranar da kinka faɗa laka bakin gulbi kina ihu kada ya kama ki, ashe kwaɗo ne."

"Albarkar ƙafata ce dai ta ja maka masu saye. Don haka fenti bisa kanka, kuma ka yi min ɗakin girki a filin can."

"Fenti? Ɗakin girki? Gwamnati ce ta yi rangwame, ba Riskuwa ba. Tahi ki gaya mata ta zo da buroshi."

"Buɗe min gidana in gani."

Suka zagaya ƙofar gidan ƙarshen. Riskuwa ya zaro damin makullai daga aljihu da isa, ya zura ɗaya cikin kwaɗon ƙofa. Ya murɗa, shiru. Ya gwada na biyu, na uku. Tsatsa ta riga ta cinye kwaɗon. Da ya matsa da ƙarfi sai makullin ya karye a ciki.

"Tsaro ke nan," in ji shi. "Ko ni da na gina ban iya shiga, balle ɓarawo."

"To ta ina zan riƙa shiga? Ta sama kamar hazbiya?"

"Tsaya ki ga aikin maza. Akwai sakatar ƙaramar ƙofa ta ciki."

Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya jingina baburinsa da katanga, ya taka sirdin ya haye. Yana kaiwa sama babur ya sulale ya kwanta ƙasa. Riskuwa ya leƙa ciki, ya leƙa waje, ko'ina nisa. Ya zauna daram a kan katanga, ƙafa ɗaya ciki, ƙafa ɗaya waje, hula ta karkace.

"Sakinatu, ɗan tada min baburin nan."

"Hannuna na ciwo, sauro ya cije ni."

"Haba 'yar gwaggo. Akwai tsani cikin gida na biyu."

"Yau kuma 'yar gwaggo ce? Katangar ga wa ya ce ka yi ta da tsawo haka?"

"Don mutuncinki na yi!"

"To zamna ka ji daɗin aikinka. Malamin Ambursa na tahe da la'asar, sai shi ishe ka nan ka yi mishi bayani daga sama."

"Fenti! Na ɗauka."

"Ciki da waje?"

"Ciki da waje, wane launi kike so?"

"Ɗakin girki hwa?"

"Ke ko tausayi ba ki da shi? Rana na cin ƙeyata."

Ta gyara jakarta ta juya kamar mai neman keke.

"Na yarda! Ɗakin girki, da murhu, da sabon kwaɗo. Ranar tarewa kuma buhun shinkafar Zauro na kawo da kaina. Kin ci, Sakinatu, kin ci!"

Ta fashe da dariya har tana dafa gwiwa, sannan ta nufi gida na biyu ɗauko tsani, tana tafiya a hankali kamar amarya. Riskuwa ya gyara hularsa, ya dubi filin da inuwar dalbejiyar daga inda yake, shi ma dariya ta kwace masa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ke dai kin yi sa'a ban hau nan kafin ciniki ba. Daga sama gidan ga ya fi kyau, da na ƙara miki kuɗɗi!"