Eriyar Apenisa a Kan Kwakwa

Tun da iska ta taso, oba-obar da ƙauyenmu ke magana da birni da ita ta yi gum. Apenisa ne ya ɗaura eriyarta a kan kwakwar bakin teku, don tsabar ƙyuyar hawa dutse. Ga 'yar taubashiyarsa Vasemaca tana naƙuda a asibitin birnin Suva, can tsallaken teku, ba labari. Da hantsi Vasemaca ta same shi yana ta murɗe-murɗe.

"Ina gajiya, injiniyan kwakwa? Yau ma da kaguwa kake hira?"

"Matsa can, guzuma. Muryarki ce ke korar maganar."

"Tawa ko babu waya tana kaiwa gona. Taka fa?"

"Ranar da na gwada, ba ke kika ji nas ɗin asibitin raɗau ba?"

"Ranar da teku ta kwanta kamar tabarma! Ko zakarana ya yi cara sai an ji a Suva."

"Jahilci! In iska ta kwanta, ɗumi ya hau kan sanyin ruwa, magana sai ta bi tsakaninsu ta yi ta tafiya. Ilimi ke nan."

"Au, ashe ka sani? Aron rana ka yi ka ce mana aiki ne. Kayan aro ba ya rufe katara, malam."

"Ki jira iska ta kwanta mana."

"Kai ka gaya wa jaririn ya jira."

Ta leƙa kwalekwalensa ta sungumi tankin mai. Mu a nan, abin da taubashi ya ɗauka ya ɗauku, ko sarki ba ya ƙwatowa.

"Ɓarauniya! Da me zan je su?"

"Da tumbinka, ai ba ya nutsewa. Kai eriyar kan dutse ka karɓi abinka."

"Dutsen nan? Kashe ni za ki yi ki gaji koma?"

Sai ta dire tankin.

"Apenisa, haihuwar fari ce. Ka san uwata, gwaggonka, a kan gwiwa ta rasu ta bar ni."

Apenisa ya haye kwakwar ya kwanto eriya. Ya saɓa ta suka nufi dutse, yana haki, ita rungume da oba-oba da batir. Suna kafawa oba-oba ta yi kaki, muryar nas ta fito: an sauka lafiya, namiji.

Vasemaca ta zube tana kuka.

"Kin ci," in ji Apenisa yana dariya. "Riƙe tankin, na ba jariri. Amma sunana za a sa masa."

"Allah ya kiyaye! Wannan da ya fito bai jira iska ba?"