Karsanar Barakatu da Rijiyar Fetur

"Lafiya lau, bawana, ya mutan gida? Kai, tsaya. Waccan ba karsanata ba ce ɗaure ƙofar gida?"

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce. Barakatu ta fito zaure ta iske taubashinta Mamuda, mai yi mata kiwo a ƙauyen Tafoki, da jaki ɗauke da garwa biyu babu komai ciki. Karsanar nan ita ce duk abin da ta mallaka mai ƙafa huɗu.

"Taki ce, baiwata. Kasuwa za mu. Yau zan raba ki da talauci."

"Kai da ka jingine babur ka koma jaki?"

"Ai tsadar fetur ce, kuma ita ta buɗe mani ido. Wani ya zo daga Kaduna da takardu, kamfanin masu haƙar rijiyar mai na neman masu sa jari. A saida ta, mu shiga."

"Garwar fa ta mece ce?"

"Ɗaya taki, ɗaya tawa. Da aka gina rijiyar bakin masallaci, duk wanda ya sa hannu ba kyauta yake ɗiba ba? To haka nan. Har sabuwar igiyar guga na tufka."

Barakatu ta riƙe haɓa tana dubansa. Mutum da furfura a gemu.

"Mamuda, rijiyar na can kudu, wata ma cikin teku. Takarda za su miƙo maka. In an ci riba a aiko maka da ɗan abu ƙarshen shekara. In ba a iske mai ba, ka jiƙa takardar ka sha."

"Ba ɗiba?"

"Ko cokali."

"Boko ya lalata ki. Tun kina yarinya kike da baƙin ciki, ke da kika yi kuka ranar da aka yi mani sabuwar riga."

"Kukan tausayin rigar ne. Faɗa mani, takin wa kake zubawa a gonar dawarka?"

"Na karsanar."

"In ta haihu, wa zai sha nono?"

"Ni da iyalina."

"To bana sai ka watsa takarda a gona, matarka Saudatu ta dama maka fura da fetur."

Mamuda ya leƙa waje. Karsanar na tuƙa abinta, ciki ya fara nunawa. Sai ya fashe da dariya har hula ta zame.

"Allah ya isa tsakanina da mutumin Kaduna. Gida za ta koma." Ya laluba mangala ya fiddo ƙwan zabi cikin ƙwarya. "Ungo. Kada maganar nan ta kai Tafoki."

Barakatu ta karɓa ta jinjina ƙwaryar.

"Wannan zai rufe bakina zuwa la'asar. Shigo ka ci tuwo, attajirin mai."