Damin da Ya Zo na Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na shiga nunin amfanin gona na ƙauyenmu ba, can yankin Bukkuyum. Ni malamin firamare ne, noma kuwa na Asabar da Lahadi nake yi. Surukina, mahaifin matata, ya sha faɗa a bayan idona cewa hannun da ya saba da alli ba zai ciyar da gida ba. Maganar ta daɗe tana ci mini rai, na ƙudura sai ya ga damina a gaban jama'a.

Matsalar ita ce geron bai yi ba. Na makara da shuka, na makara da noman farko. Kusurwa ɗaya ce kawai ta yi kyau, inda shanun Fulani suka kwana da rani. Can na samu zangarniya dogaye masu cikar ido, amma ba su kai dami ba. Sauran gonar duk guntaye ne.

Sai na yi dabara (a lokacin har yaba wa kaina na yi). Na jera guntayen biyu-biyu a tsakiya, gindi da gindi, yadda ta kowane ɓangare ka leƙa za ka ga kai. Na lulluɓe su da dogayen, na ɗaure tamau. Da Inna, mahaifiyata, ta gani sai ta ce, "Wanga dami ga gonarka yaf fito?" Na ce ƙwarai. Ai ba ƙarya na yi ba.

Ranar nuni an cika filin makaranta da dawa, wake, kabewa da albasa. Alƙalai suka zagaya, Sarkin Noma ya shafa damina, ya jinjina kai. Da aka zo kiran sakamako, sai ga sunana, na ɗaya a gero. Na hango surukina a kan tabarmar dattawa yana murmushi. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni.

Abin da ban sani ba (don ban taɓa zama har ƙarshen taron ba, da an fara jawabai nake sulalewa) shi ne, damin da ya ci kwance shi ake yi a wurin, a raba wa manoma su yi iri.

Sarkin Noma ya ce, "Malam, taho ka kwance da hannunka, albarkarka muka biɗa."

Mutane suka yi layi. Na durƙusa ina fama da igiya kamar ban san ɗaurin ba, har wani ya miƙo mini wuƙa. Ina yankawa dogayen suka zame gefe, guntayen suka zubo. Wani tsoho ya ɗaga guda ɗaya, bai fi tsawon tafin hannu ba, ya ce, "Malam, waɗanga 'yan aji ɗaya na ko?" Fili ya ɗauki dariya, har da iyayen ɗalibaina.

Surukina bai yi dariya ba. Tashi ya yi ya sa takalmi ya tafi, wannan ya fi komai yi mini zafi. Washegari ya aiko wa 'yarsa da kwano biyu na irinsa, ya ce a gaya wa Malam a shuka da ruwan farko.

Na shuka kuwa. Amma tun daga ranar, kafin in shiga kowace gasa, sai na fara tambayar abin da ake yi wa wanda ya ci.