Kwabon Sarkin da Bai Shekara Ba

Labarin da ya cika Gyadi-Gyadi a makon da sojoji suka miƙa mulki shi ne wai taubashiyata Asabe ta haɗu da aljani a kan rufin gidan kakanmu, ya ba ta littafin da ke nuna inda Turawa suka binne zinare. Wata mai ƙosai har rantsuwa ta yi cewa ta ga Asabe tana yawo a kan kwano da takalmi mai tsini. To ƙarya ce, na kuwa fi kowa sani, don ni na ƙirƙiro ta. Asabe ba ta hau ko'ina ba. Ni na hau.

Ga yadda aka yi. Damina ta kawo kai, rufin gidan yana yoyo kamar rariya, dangi suka ɗora mini aikin canja shi. Tsohon kwanon kuwa na sayar wa Isyaku ɗan gwangwan, da ƙusoshinsa da tsatsarsa, zai zo da amalanke bayan la'asar. Ita Asabe 'yar kawuna ce, malamar firamare a Tarauni, kuma tana da wata cuta: tara tsofaffin kuɗin da ba sa sayen ko barkono. Ina zaure sai ga ta ta diro daga tasi, da wani littafi mai kaurin bulo a hammata.

"Lale da uwar matattun kuɗi! Yaya makabartar taki?"

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Ɗanladi, da izinin wa ka sayar da rufin kakana?"

"Kakanki? Ni a kasuwa aka tsinto ni?"

"Kai ɗan mace ne. Rabonka a gidan nan tsintsiya. Ɗauko tsani."

"Soja ya koma bariki, Malama. Yanzu sai an kaɗa ƙuri'a kafin a sa ni aiki."

"Na kaɗa, ka faɗi. Jiya Baba ke gaya mini, da aka daina karɓar kwabon Turawa mai huda, Kaka bai zubar da nasa ba. Kowace ƙusa ya zura mata kwabo ko anini kafin ya buga, don kada ruwa ya bi ramin. Shekara arba'in kana kwana a ƙarƙashin banki, kana minshari."

"Shekarata talatin da biyar."

"Sauran biyar ɗin na fuskarka ne. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

Ta buɗe littafin a kan dakali. Wai na wani gwanjon tsofaffin kuɗi ne da aka yi a Ingila, ta samo shi wurin Obiajulu mai tsofaffin littattafai a Unguwa Uku. Kowane kuɗi da hotonsa gaba da baya, da shekararsa, da nauyinsa, da abin da aka saye shi. Ni dai karatuna a aji biyu na sakandare ya yi hatsari, amma ina gane sifili. Na hango wani kuɗi da sifili uku a gefensa, da alamar fam.

"Asabe, wannan fa?"

"Ba ruwanka. Ni kwabo ɗaya nake nema, na 1936, mai sunan Sarki Edwad na Takwas. Bai shekara a kan mulki ba ya sauka don ya auri matar da yake so. Shekara goma sha ɗaya gurbinsa yana nan fayau a akwatina. In Isyaku ya tafi da kwanon nan, shi ke nan."

"Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ana fafewa, in an samu bawa."

Ba maganarta ce ta hau da ni ba, sifilin nan uku ne. Na ɗauki guduma na hau. Rana ta yi zafin da ko ƙwai ka fasa a kan kwanon sai ya nemi gishiri. Ina zare ƙusa, ina jefo mata kwabo, tana karawa da hoton.

"Na Sarki Joji ne. Jefo wani."

"Wannan fa?"

"Joji."

"Shi wannan Jojin ba shi da aiki ne sai buga kwabo?"

"Ya fi ka, kai ko anini babu sunanka a kai."

Na zare ƙusa ta fi dubu tara, ko da yake Asabe ta ce ɗari da ashirin ne. Wandona ya kama bakin kwano ya yage tun daga Gyadi-Gyadi har unguwar Babban Giji. Aka kira la'asar. Ga ƙarar amalanken Isyaku a bakin layi, saura fallen kwano ɗaya a kan zaure.

"Malama, a haƙura. Kawu ya tsufa, ƙila mafarki ya yi."

"Ubana kake cewa ya tsufa? Zare ta kusurwar can!"

Na zare, na jefo. Ta ɗora shi a kan shafin, ta duba kambin, ta juya ta duba tauraron, ta bi haruffan da farce ɗaya bayan ɗaya. Sai ta rangaɗa guɗar da ta sa jakin maƙwabta ya amsa.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Isyaku, kwashe kwanonka, Allah ya sa albarka!"

Ban san lokacin da na sauko ba. "Kawo in wanke shi da toka da lemon tsami, ya yi ƙyalli kafin mu kai shi Ingila."

"Taɓa shi in karya maka yatsa! Wa ya ce maka ana goge tsohon kuɗi? Dattinsa ne shaidarsa."

"To Marsandi nawa zai saya?"

Ta nuna mini shafinsa. Babu sifili ko ɗaya.

"Wancan da ka hango na zinare ne, na wata ƙasa. Wannan ko sabo ne fil ba zai saya maka taya ba, balle wanda ƙusa ta cije."

"To littafin me ya amfana miki?"

"Ya gaya mini abin da ke hannuna. Kai da ba ka da shi, kilo ka sayar."

Ta naɗe kwabon a bakin mayafi tana dariya har da hawaye, ta zaɓo wani anini da ya lanƙwashe ta danƙa mini. "Ungo ladanka, kada ka kashe shi duka rana ɗaya."

Na ce, "Ke da sarkin naki duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wane mai hankali ne zai bar gadon sarauta saboda mace?"

Ta dubi wandona sama da ƙasa. "Shi saboda mace ya sauka, har yau ana neman kwabonsa. Kai saboda mace ka hau, ko allura ba a nema maka ba."